Johanna Veenstra, Baturiyar Lupwe (1894-1933)

 A wannan fitowa filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe ya leƙa gidan maƙwabta. Wadda za mu kawo muku labarinta ba Musulma ba ce, ba kuma Bahaushiya ba. Baturiya ce 'yar mishan, mai suna Johanna Veenstra, wadda ta yi zamanta a Lupwe kusa da Takum, a kudancin wannan jiha tamu ta Taraba. Mun san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da 'yar mishan? Amsa ita ce, mu mazauna Yelwa, yawancin waɗanda muke ciniki da su a kasuwar Jalingo, da waɗanda muke haya a gidajensu ko suke haya a namu, Kirista ne. Cikinsu akwai Jukunawa da Kutebawa da Cambawa 'yan ikilisiyar CRCN, kuma in ka bi salsalar wannan ikilisiya, a ƙofar ɗakin matar nan za ka tsaya. Wanda kuke kwana ku tashi tare, ai ya kamata ka san inda ya fito.

An haife ta ran 19 ga Afrilu, 1894, a garin Paterson na ƙasar Amurka, wato shekara guda ke nan bayan Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo. Iyayenta asalinsu mutanen Holan ne. Mahaifinta, William Veenstra, ya yi karatun zama fasto, aka naɗa shi, amma wata takwas kacal ya yi yana aikin sai zazzaɓin taifot ya kashe shi. Uwar ta kwashe 'ya'yanta shida ta koma Paterson, ta buɗe ɗan kanti tana sayar da kayan masarufi. To ka ga a gidan 'yar tireda ta tashi, marainiya, inda ake ƙirga kowane kwabo kafin a kashe. Tana da shekara 14 ta fara aikin akawu a birnin Niyok, kullum ta tafi da safe ta komo da yamma.

Kuɗi sun fara shigo mata, amma hankalinta bai kwanta da wannan rayuwa ba. Ta bar aikin ta shiga makarantar horar da 'yan mishan. Ana nan sai ta halarci wani taro inda wani Bajamushe, Dokta Karl Kumm, ya yi jawabi kan ƙasar Sudan. A bakin Turawan wancan zamani, Sudan na nufin duk shimfiɗar ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara, har da nan inda muke zaune.

A nan sai mun ɗan tsaya, don maganar ta shafe mu kai tsaye. Shi Kumm shi ne jagoran ƙungiyar nan ta SUM, wadda mutanenta suka fara shigowa ƙasar nan a 1904, suka sauka a Wase, daga baya suka yi hedkwata a Ibi, bakin Binuwai. Abin da ya tayar masa da hankali bai ɓoye shi ba: ya ga Musulunci yana yaɗuwa cikin ƙabilun da ke bin addinin gargajiya, ya kuma gane cewa fatake ne ke ɗauke da shi. Wato kakanninmu ke nan, masu jakuna da masu kwalekwale, waɗanda ke kai gishiri da kanwa da tufafi, in lokacin salla ya yi su shimfiɗa buzu a bakin hanya kowa yana kallo. Shirinsa shi ne a jera tashoshin mishan daga nan har gabashin Afirka don a tare wannan hanya. Saboda haka babu amfanin mu yi wa juna rufa-rufa: gasa da mu aka turo su yi. Abin da ya rage a duba shi ne yadda ita wannan mata ta yi tata gasar.

Ƙa'idar SUM ita ce ba a tura mutum sai ya cika shekara 25, don haka dole ta jira. Ba ta zauna haka nan ba. Ta yi aikin taimakon talakawa a birnin Grand Rapids, ta ƙara karatu, sannan ta koyi aikin ungozoma, wanda daga baya ya zama babban jarinta. Wani abu kuma, ikilisiyarta ta gida ba ta ɗauki nauyin aikin nan ba. Da shugabanninta suka zauna a 1920, ƙasar Sin suka zaɓa. Sai dai ɗaiɗaikun majami'u da mutane suka riƙa tara mata gudummawa. Ta bar Niyok ran 2 ga Oktoba, 1919, ta bi ta Ingila, ta sauka Ikko a Janairun 1920.

Abu na farko da aka sa ta yi shi ne koyon Hausa. Mishan sun lura cewa a wannan yanki kowane tudu da yarensa, amma harshen kasuwa ɗaya ne. Harshen da fatake suka shimfiɗa, shi masu tare fataken suka hau. Shi ya sa har yau in ka wuce majami'a ran Lahadi a Jalingo sau da yawa za ka ji da Hausa ake waƙa da addu'a, ka ji ana cewa Ubangiji, alheri, gafara, albarka, kalmomin da mu ma muka taso da su a makarantar allo da Islamiyya. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ya fito, tana da rai.

A 1921 aka tura ta Lupwe, ƙasar Kutebawa, ba da daɗewa ba kuma ragamar tashar ta koma hannunta. Ɗakin da ta zauna na laka ne da jinka, daɓen ƙasa. Gara na cin duk abin da aka ajiye, ɓeraye na shawagi da dare, ga sauro ga zazzaɓi. Babu mota, babu likita a kusa. Keke take hawa ta zaga ƙauyuka, inda keke ba ya shiga, kamar kan duwatsun Kutebawa, ta taka da ƙafa. Wanda ya san hanyar Takum da damina ko a yau, to ya kwatanta yadda take a wancan lokaci. Mace ce fa, ba miji, ba ɗan'uwa, kuma har ta mutu ba ta yi aure ba.

Aikinta na kullum kashi uku ne, ko da yake ita ba ta raba su ba. Akwai ɗakin shan magani, inda ake wanke gyambo, a ba da maganin zazzaɓi, ita kuma ta karɓi haihuwa. Akwai makarantar kwana ta samari, inda ake koyar da karatu da rubutu da littafinsu, da nufin su koma ƙauyukansu su zama masu bishara. A wani lokaci ɗaliban sun kai 25. Sannan akwai wa'azi. Abin da ya sa muka ga labarinta ya cancanci wannan fili shi ne, abin da take karantawa da safe shi ake gani a hannunta da rana. Littafinsu ya ce a kula da marar lafiya da maraya da gwauruwa, a ƙaunaci maƙwabci. To, matar da naƙuda ta tsananta mata da tsakar dare ba ta bukatar a fassara mata wannan, ta gan shi a tsugune a gabanta da fitila. Mu 'yan kasuwa mun san wannan ka'ida sarai, mai saye ba kirarin haja yake dubawa ba, mudu yake kallo ko ya cika.

Inda ta fi burge mu, a matsayinmu na masu juya kuɗi, shi ne sha'anin dukiya. Tana da hanyar da za ta roƙo kuɗi daga Amurka ta gina manyan majami'u, ta ɗora masu bi a kan albashi, jama'a su yi ta tururuwa. Ba ta bi wannan hanya ba. Ra'ayinta shi ne ikilisiya ta tsaya da ƙafafunta: masu bi su gina ɗakin sujadarsu da hannunsu, su ɗauki nauyin mai koya musu daga abin da suka noma, su kuma kai saƙon gaba da kansu. Wannan hanya tana da jinkiri, kuma ba ta tara mutane da yawa a zamaninta ba. Amma wanda ya zuba guminsa a gini ba ya barin ginin ya rushe. Mu da muke fama da karo-karon gina makarantar Islamiyya da gyaran masallacin unguwa, muna jiran wani Alhaji daga Kano ko wata ƙungiya daga waje ta zo ta yi mana, akwai abin dubawa a nan.

Kada kuma a ɗauka mace ce mai sanyi. Tana da tsanani ƙwarai wajen horon ikilisiya. Ba a yi wa mutum baftisma don ya ce yana so kawai, sai an daɗe ana koya masa ana kuma kallon zamansa a gida da gona. Batun aure ya fi komai wuya, domin mishan ba su yarda mai mace fiye da ɗaya ya zama cikakken ɗan ikilisiya ba. Wannan ya jawo ɓacin rai a gidaje da dama, kuma mu da shari'armu ta halatta har huɗu ba za mu ce mun ga daidai a nan ba. Haka kuma littafin da ta wallafa a 1926 kan aikinta, da idon Turawan zamaninta ta kalli mutanen ƙasa da al'adunsu, akwai siffofin da ta yi musu waɗanda jikokinsu ba za su ji daɗin karantawa ba. A kanmu Musulmi ma ra'ayinta irin na Kumm ne. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai dokar da ta ɗora wa mutane ba ta fi wadda ta ɗora wa kanta nauyi ba, abin da ba kowane mai wa'azi ake iya yi wa shaidarsa ba, ko a wane addini.

Duk lokacin da ta je hutu Amurka, yawo take yi majami'a zuwa majami'a tana ba da labarin Lupwe. Ta haka ta jawo wasu mata uku 'yan ikilisiyarta suka biyo ta: Nelle Breen, da Jennie Stielstra, da Bertha Zagers. Tashar da mata suka riƙe ke nan, a zamanin da ko a ikilisiyarsu ta gida ba a ba mace mumbari.

A farkon 1933 ciwon ciki ya matsa mata. Aka kai ta asibitin SUM da ke Bom, kusa da Jos, tafiya mai nisan gaske daga Takum, aka yi mata aikin afendis. Aikin ya yi kamar an dace, amma daga baya zuciyarta ta gaza. Ta rasu ran 9 ga Afrilu, 1933, saura kwana goma ta cika shekara 39. A can Bom aka binne ta. Duka-duka shekara 13 ta yi a ƙasar nan.

Abin da ta nema tana da rai ba ta samu ba, sai bayan ranta ya tabbata: a 1940 ikilisiyarta ta Amurka ta karɓi aikin Lupwe a hukumance. Daga wannan tushe ikilisiyar da aka fara kira EKAS Benue ta fito, wadda yau ake kira CRCN, mai hedkwata a Takum. Tana cikin tarayyar TEKAN da aka kafa a 1955, tare da 'yan Methodist na yankin Muri, waɗanda nasu tushen yake Bambur. Makarantar horar da fastoci da ke Donga sunanta take ɗauke da shi.

Ba komai ne ya tafi yadda za ta so ba. A 1973 ikilisiyar ta rabu, yawancin Kutebawa suka ware suka kafa tasu, wadda aka sani da RCCN. A 1997 kuma rikici ya ɓarke a Takum tsakanin Kutebawa a gefe guda da Cambawa da Jukunawa a ɗaya gefen, aka yi asarar rayuka da gidaje, alhali akasarin ɓangarorin biyu addininsu ɗaya, kuma daga makarantar mace ɗaya kakanninsu na bangaskiya suka fito. Lupwe dai tana nan, tafiya kaɗan daga Takum, ga duk ɗan kasuwarmu da harka ta kai shi can ya ga yana son leƙawa.