Linus Pauling: Gwanin da ya kuskure siffar DNA

An haifi Linus Carl Pauling ranar 28 ga Fabrairu, 1901, a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa, wanda ke sana'ar harhaɗa magunguna, ya rasu, ya bar iyali cikin ƙunci. Da guminsa ya yi karatu, har ya sami digirin digirgir a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wato Caltech, a 1925.

Ya shahara wajen bayyana yadda ƙwayoyin zarra ke riƙe juna su zama sinadari. A 1949, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa cutar sikila, wadda ke addabar gidaje da dama a Najeriya, ta samo asali ne daga tawaya a sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi cikin jini. A 1951 kuma ya gano murɗaɗɗiyar siffar da furotin ke ɗauka. Don haka masana suka zuba ido, suna ganin shi ne zai warware siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta.

A Fabrairun 1953, shi da Robert Corey suka wallafa cewa DNA tamkar igiya ce mai sili uku. Sun sanya ƙashin bayan kowane sili, mai ɗauke da fosfet, a tsakiya, haruffan gado huɗu, wato A, T, G da C, suna fuskantar waje. Nan gizo ke saƙar: fosfet na ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka silin za su riƙa ture juna, igiyar ta warware. Ya kuma dogara ga tsofaffin hotuna, alhali Rosalind Franklin ta ɗauki waɗanda suka fi su fitowa sarai a Landan. A Afrilun shekarar, James Watson da Francis Crick suka bayyana igiya mai sili biyu, inda A ke haɗuwa da T, G kuma da C. Pauling ya amince cewa su ne da gaskiya.

Sai dai maganar sili uku ba ta mutu ba. A 1957, Alexander Rich, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da abokansa biyu suka haɗa igiyar RNA mai sili uku. A 1959, Karst Hoogsteen ya gano a Caltech wata hanya ta daban da haruffan ke kama juna. A 1987, Peter Dervan da Heinz Moser suka nuna a wannan cibiya cewa gajeren sili na uku kan kwanta cikin babban kwarin da ke jikin DNA, ya gane gurbin da aka nufa: T na kama tagwayen A da T, C na kama tagwayen G da C. Amma C ba ya kamawa sosai sai a ruwa mai tsami, wanda ba haka cikin jiki yake ba. Shi ya sa masana ke sauya fasalin haruffan, da fatan wata rana a iya toshe gadon da ke haddasa cuta. Wannan igiya ta bambanta da wadda Pauling ya zana, domin haruffanta na ciki ne.

Kuskuren bai rage masa daraja ba. Ya karɓi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 1954. A 1958, shi da matarsa Ava Helen suka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar koke kan gwajin makaman nukiliya, wadda masana fiye da 11,000 suka rattaba wa hannu. Wannan gwagwarmaya ta jawo masa tsangwama a gida, ta kuma kai shi ga kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1962. Har yau shi kaɗai ne ya taɓa karɓar kyautar sau biyu ba tare da an raba ta da kowa ba.

Ya rasu ranar 19 ga Agusta, 1994, a gonarsa da ke Big Sur a Kalifoniya, yana da shekara 93.