Walter Gowans, Baƙon da Ya Kwanta a Girku

'Yan'uwa na Zongon Lome, ku da kuka san zaman baƙunci, ga labarin wani baƙo. Walter Gowans saurayi ne daga Kanada. Ran 4 ga Disamba 1893 ya sauka Ikko tare da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kai Bishara ƙasar Hausa, ba kuwa wata ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu. Ciwo ya tsare Bingham a Ikko, Gowans ya nausa arewa. Bai cika shekara ba, ya rasu a Girku, kusa da Zariya, cikin Nuwamba 1894. Kent ma ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya koma, ya kai wa uwar Gowans 'yan kayansa. Sai a 1902 mishan ɗin SIM ya sami wurin zama a Pategi.