Ferdinand Porsche: Daga motar lantarki zuwa tankar yaƙi

Masu sha'awar motoci kan yi zancen motar lantarki kamar jiya-jiya aka ƙirƙiro ta. Alhali kuwa tun a 1900, a babban baje kolin duniya da aka yi a Faris, jama'a suka yi dandazo a kan wata mota marar hayaƙi, marar giya, wadda injinan lantarki guda biyu da ke cikin tayoyinta na gaba suke tafiyar da ita. Wanda ya tsara ta saurayi ne ɗan shekara 24 wanda bai mallaki takardar digiri ba, sunansa Ferdinand Porsche. Dabarar da ya nuna a wannan baje koli ta bi shi har tsufansa: ya sa ta a motar attajirai, ya sa ta a manyan motocin ɗaukar kaya, daga bisani kuma ya sa ta a tankokin yaƙin Hitila.

Ɗan maƙeri a Biyana

An haifi Porsche ranar 3 ga Satumba, 1875, a ƙauyen Maffersdorf da ke yankin Bohemiya, a lokacin yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangare, yau kuma yana cikin Jamhuriyar Cek. Mahaifinsa Anton maƙerin kwano ne, burinsa kuwa ɗan ya gaje shi. Yaron sai ya fi karkata ga waya da batir. Da rana yana maƙera, da dare yana makarantar koyon fasaha a garin Reichenberg, har ta kai ya haɗa wa gidansu wutar lantarki a zamanin da maƙwabta ke kwana da fitila.

A 1893 ya nufi Biyana, ya kama aiki a kamfanin kayan lantarki na Béla Egger. Bayan an tashi aiki yakan saci jiki ya shiga ajin jami'ar fasaha ya saurari darasi ba tare da rajista ba. Digirin da ya samu a rayuwarsa duk na girmamawa ne, shekaru da yawa bayan haka.

Daga nan ya haɗu da kamfanin Lohner, masu ƙera kekunan doki na fadar sarki, waɗanda suka hango cewa kasuwar doki ta kusa ci ta watse. A wurinsu ne ya ƙera motar da aka kai Faris. Hikimarta ita ce sanya injin lantarki a tsakiyar taya, ta yadda ba a buƙatar sarƙa ko sandar da za ta kai ƙarfi daga inji zuwa taya. Matsalarta kuma ita ce wadda har gobe ake fama da ita, wato batir. Baturan dalma ne masu nauyin fiye da kilo 400, tafiyar kuwa ba ta wuce kimanin kilomita 50 ba sai an sake caji. Wata da ya ƙera wa wani Baturen Ingila, mai inji a kowace taya, baturanta kaɗai sun kusa tan biyu.

Maganin da ya samo shi ne rage baturan, ya ɗora injin fetur wanda aikinsa kawai juya janareta, janaretan kuma ya ba tayoyi wuta. A 1901 motar da ke aiki da wannan tsari ta fito. Toyota Prius, wadda ta yaɗa motoci masu haɗa fetur da lantarki a zamaninmu, sai a 1997 ta shiga kasuwa.

Tsere da manyan motoci

A 1906 kamfanin Austro-Daimler ya ɗauke shi babban injiniya. A 1910 shi da kansa ya tuƙa motar da ya tsara ya lashe gasar Yarima Heinrich. An siranta jikin motar domin ta riƙa ratsa iska, a lokacin da yawancin motoci ke kama da keken doki da aka cire wa doki. A wurinsa siffar mota sashe ne na aikin injiniya.

A wannan kamfani ne kuma ya mayar da dabarar janareta kan manyan motoci. Ya ƙera wa sojan Ostiriya jerin tireloli da ake haɗawa kamar taragai. Motar gaba ce ke ɗauke da inji da janareta, waya kuma ta kai wuta ga tirelolin baya masu injinan lantarki nasu na kansu. Da wannan tsari aka riƙa jigilar kaya da manyan igwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A kan irin wannan ƙa'ida ce kawunan jiragen ƙasa masu dizal da manyan tifofin ma'adinai suke aiki har yau.

Porsche mutum ne mai zafin rai da ba ya jure a taka masa burki kan kuɗi. A 1923 ya bar Ostiriya ya koma kamfanin Daimler a Stuttgart, inda ya jagoranci ƙera motocin Marsandi masu gudu irin su SSK. Nan ma bai daɗe ba, domin shugabannin kamfanin ba su yarda da ƙaramar mota mai araha da yake ta nacin a ƙera ba. Bayan ɗan zama a kamfanin Steyr, tattalin arzikin duniya ya karye, ya wayi gari ba aiki. A 1931 ya buɗe ofishin tsara motoci na kansa a Stuttgart tare da surukinsa Anton Piëch da Adolf Rosenberger, wani ɗan kasuwa Bayahude mai tseren mota wanda ya zuba jari a ofishin.

Motar talaka da adashin da ba a kwasa ba

Abin da kamfanoni suka hana shi, gwamnatin Hitila ta ba shi. A 1934 aka ba shi kwangilar tsara motar jama'a, wadda za ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 a awa, kuma farashinta ya gaza Mark 1,000. Ya sa injin a baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle ruwa ya daskare a hunturu. Erwin Komenda, ma'aikacinsa, shi ya zana jikin nan mai doro da duniya ta sani da Beetle. Kamfanin Tatra na ƙasar Cekoslobakiya ya yi ƙorafin cewa an kwaikwayi aikin injiniyansa Hans Ledwinka, kuma bayan yaƙi Volkswagen ya biya diyya aka kashe maganar.

Porsche ya je Amurka ya ga yadda Ford ke ƙera motoci a jere. A watan Mayun 1938 aka aza harsashin masana'anta a wurin da yau ake kira Wolfsburg. Aka ce wa ma'aikatan Jamus kowa ya riƙa zuba Mark biyar a mako, ana manna masa kan sarki a kati, idan kati ya cika ya karɓi mota. Mutane fiye da 300,000 suka shiga wannan adashi. Yaƙi ya ɓarke a 1939, babu ko mutum ɗaya cikinsu da ya karɓi motarsa a zamanin gwamnatin da ta karɓi kuɗin.

Kafin nan Porsche ya riga ya zaɓi ɓangare. Ya ajiye takardar zama ɗan Cekoslobakiya ya karɓi ta Jamus, a 1937 kuma ya shiga jam'iyyar Nazi. Abokin kasuwancinsa Rosenberger ya rasa hannun jarinsa a 1935, aka tsare shi a sansanin gwale-gwale na Kislau, da ƙyar ya fita daga ƙasar, ya ƙare rayuwarsa a Amurka.

Masana'antar da aka gina domin motar talaka ta koma ƙera motocin soja da sassan makamai. Kimanin mutum 20,000 aka sa aikin tilas a cikinta, ciki har da fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga sansanonin gwale-gwale, kuma Porsche na cikin masu jagorancinta. Shi kuma ya koma kan tsohuwar dabararsa, ya tsara tankokin yaƙi masu injin fetur da janareta. Tsarinsa na tankar Tiger ya sha kashi a hannun kamfanin Henschel a 1942 saboda yawan lalacewa. Ta ƙarshe, Maus, nauyinta tan 188, ba ta wuce matakin gwaji ba.

Kurkuku da abin da ya bari

A Disambar 1945 Faransawa suka kama shi tare da ɗansa Ferry da Piëch. An saki Ferry bayan 'yan watanni, dattijon kuwa sai a Agustan 1947 ya fito a kan beli, da kuɗin da iyalinsa suka samu daga tsara wa kamfanin Cisitalia na Italiya motar tsere. Babu kotun da ta same shi da laifi. Ya tarar Ferry ya yi nisa da aikin Porsche 356, mota ta farko da ta ɗauki sunan gidan, wadda ta fito a 1948. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a ƙarshen 1950, ya mutu a Stuttgart ranar 30 ga Janairu, 1951, yana da shekara 75.

Beetle ta rayu fiye da rabin ƙarni bayan maƙerinta. Sojan Birtaniya ne suka farfaɗo da masana'antar bayan yaƙi. A 1972 ta zarce Ford Model T a yawan motocin da aka ƙera, kuma lokacin da ta ƙarshe ta fito a Meziko a 2003 an ƙera fiye da miliyan 21. Daga 1975 aka riƙa haɗa ta a Legas, ta zama motar farko ta ɗimbin malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati a Najeriya, waɗanda suka so ta saboda sauƙin gyara da jure hanya. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa kuwa sai a 2019 ya fitar da motarsa ta farko mai aiki da batir zalla, Taycan.

A 1999 an zaɓe shi injiniyan mota na ƙarni na 20, kuma kaɗan ne suka yi jayayya da gwanintarsa. Jayayyar da masana tarihi suke yi tana kan halinsa. Ya yi wa sarkin Ostiriya aiki, ya yi wa attajirai, ya yi wa Hitila, duk da himma iri ɗaya, muddin za a ba shi kuɗi da ƙarfe da ma'aikata. Wasu daga cikin ma'aikatan da aka kawo masa a ƙarshe, a taragon jirgin ƙasa aka kwaso su daga garuruwansu, ba da son ransu ba.