Graham Greene: Marubucin da Ya Taɓa Zama Ɗan Leƙen Asiri

A Kafanchan na fara cin karo da sunan wannan bawan Allah, wurin wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai kusa da tashar jirgin ƙasa. Lokacin ina sakandare, ba abin da nake so irin littafin da za a yi ta harbe-harbe daga farko har ƙarshe. Na sayi The Human Factor, na karanta shafi hamsin ba a harbi kowa ba, na yi tsaki na ajiye. Sai da na shigo jami'a na sake ɗaukarsa, ashe ni ne ban iya karatu ba.

An haifi Greene a garin Berkhamsted da ke Ingila ranar 2 ga Oktoba, 1904. Mahaifinsa ne shugaban makarantar da ya yi, don haka ya tashi tsaka-mai-wuya: ɗalibai na yi masa kallon ɗan rahoto, shi kuma ba ya son cin amanar uba. Ni a ganina nan ne tushen duk abin da ya rubuta daga baya, wato mutum mai biyayya ga ɓangare biyu. Ya karanta Tarihi a Jami'ar Oxford, ya yi aikin jarida a The Times daga 1926 zuwa 1930, sannan Stamboul Train na 1932 ya fito da shi. A 1935 ya ratsa dazuzzukan Laberiya, galibi a ƙafa.

A 1941 ƙanwarsa Elisabeth ta yi masa hanya ya shiga hukumar leƙen asirin Birtaniya, MI6. Ya ɗan zauna a Legas, aka tura shi Firitawun ta Saliyo. Da ya koma gida ya yi aiki a ƙarƙashin Kim Philby, wanda daga baya aka gano wa Rasha yake yi wa aiki, har ya tsere Mosko a 1963. Greene ya bar aikin a 1944, kuma abin da ya gani a ciki yawanci takardu ne, da jira, da ƙarya.

To, yaya ake gina labari mai ɗaukar hankali da irin wannan kaya? Mai karatu ya dubi Our Man in Havana na 1958. Wormold mai sayar da injin zuƙar ƙura ne a Kyuba, 'yarsa Milly tana son doki, shi kuma aljihu ba nauyi. Ya karɓi aikin leƙen asiri don kuɗi, ya ƙirƙiro ma'aikatan bogi, ya zana sassan injinsa ya aika Landan a matsayin makamai. Wasa-wasa ƙaryar ta fara cin rayukan mutane na gaske. Babu tashin hankali ko ɗaya da ya faɗo daga sama. Son 'ya ne ya haifi ƙarya, ƙarya ta haifi zubin labarin, zubin ya kawo gawa.

The Human Factor na 1978 ya fi wannan nauyi. Maurice Castle dattijo ne mai hawa keke zuwa tasha kullum, yana kai wa Rasha sirri ba don aƙida ba, sai don wani ɗan gurguzu ya taɓa fid da matarsa Sarah, baƙar fata, daga Afirka ta Kudu. Hukuma ta zargi abokin aikinsa Davis, ta kashe shi da dafin da ke fitowa daga gyaɗa mai funfuna (mu 'ya'yan manoma wannan wurin ya tsaya mana a rai). Harbi guda da nake iya tunawa a littafin, kare aka harba. Wannan ne nakan tuna in na karanta wasu littattafanmu na Hausa na 'yan sanda da ɓarayi, inda tauraro zai kashe mutum goma ba mu san abin da ke hana shi barci ba.

Ba waliyyi ba ne. Ya bar matarsa Vivien da 'ya'ya biyu, kuma gabatarwar da ya rubuta wa littafin Philby a 1968 ta jawo masa suka ƙwarai. Ya rasu a Vevey ta ƙasar Siwizalan ranar 3 ga Afrilu, 1991, yana da shekara 86.