Jean-Martin Charcot: Likitan da ya riƙa gano ciwon ƙwaƙwalwa daga yadda majinyaci ke magana

A Kankiya ko Kusada, idan dattijo ya wayi gari harshensa ya karye, bakinsa ya karkace, akan samu masu cewa iska ce ta taɓa shi. Shi kuwa yana cikin hankalinsa, ya san abin da yake son faɗa, tsokokin leɓe da harshe da maƙoshi ne suka ƙi ba shi haɗin kai. Likitoci na kiran lalurar disatriya, kuma cikin waɗanda suka fara danganta irin wannan magana da wurin da ya lalace a ƙwaƙwalwa akwai wani Bafaranshe, Jean-Martin Charcot.

An haife shi a Paris ranar 29 ga Nuwamban 1825, mahaifinsa maƙerin keken doki ne. A 1862 ya kama aiki a asibitin Salpêtrière, inda aka tara mata kusan 5,000, tsofaffi da naƙasassu da waɗanda aka fid da rai da warkewarsu.

Dabararsa haƙuri ce. Sai ya yi shekaru yana rubuta yadda majinyaciya ke tafiya da magana, idan ta mutu ya binciki ƙwaƙwalwarta da lakarta ya ga inda ɓarnar take.

Ana ba da labarin wata 'yar aikin gidansa mai karkarwar hannu, wadda ta yi ta fasa masa farantai amma bai sallame ta ba. Bayan rasuwarta ya ga tabo-tabo a jijiyoyinta. A 1868 ya yi cikakken bayanin cutar da yanzu ake kira MS, ya ware mata alamomi uku: rawar ido, karkarwa idan an miƙa hannu za a ɗauki abu, da magana a rarrabe, gaɓa bayan gaɓa. Irin wannan maganar na nuna matsala a sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya mai daidaita motsi, har wanda bai sani ba kan zaci mutum ya sha wani abu ne.

Kunne na iya bambance sauran. Mai cutar Parkinson, wadda Charcot ne ya raɗa mata wannan suna, muryarsa kan yi ƙasa, babu hawa babu sauka, wani lokaci kalmomin su kwararo a guje. Idan jijiyoyin da ke kai saƙo ga harshe da ganɗa suka raunana, magana kan fito ta hanci. Wanda ya samu shanyewa a ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu kuwa, muryarsa kan fito a shaƙe, a hankali, kamar ana matse masa wuya. Cutar ALS, da ya sa wa suna a 1874, kan haɗa biyun ƙarshen. Sai a 1969 masana uku a asibitin Mayo na Amurka, Darley da Aronson da Brown, suka tsara waɗannan rabe-rabe bayan nazarin majinyata 212.

Aikinsa da ya fi shafar mutanenmu shi ne wanda ya yi da ɗalibinsa Charles Bouchard kan ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa da kan fashe, abin da aka danganta da hawan jini daga baya. Shi ya sa karyewar harshe farat ɗaya ke cikin manyan alamomin shanyewar ɓarin jiki, wadda sa'o'in farko ke da matuƙar muhimmanci wajen kai mai ita asibiti.

Ba komai ya yi daidai ba. A ƙarshen rayuwarsa ya riƙa nuna mata majinyata a gaban taron 'yan kallo yana sa su wani irin barci, kuma bayan mutuwarsa wasu ɗalibansa suka yi watsi da yawancin abin da ya koyar a wannan fanni. Sigmund Freud na cikin waɗanda suka zauna a ajinsa a 1885.

Ya mutu ranar 16 ga Agustan 1893 yana da shekara 67. Har yau a Faransa da sunansa ake kiran cutar ALS.