Tarihin Francisco Barbieri, Mai Tsara Waƙoƙi na Ƙasar Sifaniya (1823–1894)

'Yan'uwa, waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna da zamanin da ake ganin waƙa ba ta cika waƙa ba sai an rera ta da bakin Turawa. Su ma Turawan sun sha irin wannan ciwo a tsakaninsu. A Madrid, babban birnin ƙasar Sifaniya, a farkon ƙarni na 19, sarakuna da attajirai ba su sauraron kome a manyan gidajen wasa sai ofera ta Italiya, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa daga farko har ƙarshe da Italiyanci. Waƙar da 'yan kasuwa da masu wanki suke yi da harshensu kuwa, ana ɗaukarta abin bakin titi. Mutumin da ya fi kowa wahala wajen juya wannan al'amari shi ne Francisco Asenjo Barbieri.

An haife shi a Madrid ran 3 ga watan Agusta, 1823. Mahaifinsa, mai kai saƙonnin gwamnati, ya rasu tun yaron yana jariri, saboda haka ya tashi a hannun dangin uwa, da sunansu ne kuma duniya ta san shi. Kakansa na wajen uwa shi ne mai kula da wani tsohon gidan wasa na birnin, Teatro de la Cruz, sai yaron ya buɗe ido a tsakanin makaɗa da 'yan wasa. Daga baya aka kai shi garin Santa Cruz de la Zarza, wurin sufaye na Ƙungiyar Triniti Mai Tsarki, inda ya koyi Latin da fasahar magana. Ku riƙe wannan Latin ɗin a zuciya, gama zai yi masa rana a ƙarshen rayuwarsa.

Ya taɓa karatun likita, amma bai jure ɗakin fiɗar gawa ba. A 1837 ya shiga makarantar kiɗa ta Madrid, ya koyi busa kilarinet, wata 'yar'uwar algaita, ya koyi fiyano da rera waƙa, ya kuma koyi tsara kiɗa a hannun Ramón Carnicer. Shekarun da suka biyo baya na neman abin kai wa baka ne. Ya yi busa a badujalar soja, ya kaɗa fiyano a gidajen shan shayi, ya kwafe takardun kiɗa da hannu a biya shi ladan shafi, ya bi ayarin 'yan wasa gari gari yana rera amshi. Sa'ad da wani ayari ya karye a Bilbao, can arewacin ƙasar, da ƙafa ya komo Madrid. Shi ma da farko hanyar da kowa yake bi ya bi: a 1847 ya gama wata ofera da Italiyanci, amma ba a kai ga nuna ta ba.

A nan ya kamata mu bayyana abin da ake kira zarzuela, wanda za mu rubuta sarsuwela yadda bakinmu ya fi iya faɗa. Wasan kwaikwayo ne da ake yi da Sifaniyanci, a yi magana, a yi waƙa, a taka rawa, sa'an nan a koma magana. Sunan ya samo asali daga wani gidan farauta na sarki kusa da Madrid, wanda ƙaya ta kewaye, gama zarza a harshensu ita ce sarƙaƙƙiya. A can aka fara irin wannan wasa a ƙarni na 17, a zamanin Sarki Filibus na Huɗu, kuma wanda ya rubuta na farko-farkonsu firist ne, Pedro Calderón de la Barca. Amma kafin haihuwar Barbieri abin ya kusa mutuwa, ofera ta Italiya ta danne shi. A 1850 ma aka buɗe katafaren gidan wasa na sarauta, Teatro Real, kuma Italiyanci ne harshen dandalinsa.

A wannan shekara ce Barbieri ya fito da ɗan gajeren wasansa na sarsuwela, Gloria y peluca. A 1851 shi da abokansa, cikinsu har da Joaquín Gaztambide, da Rafael Hernando, da mawaƙi Francisco Salas, suka haɗa ɗan abin da suke da shi suka kama hayar gidan wasa na Circo. Kasada ce babba, domin in mutane ba su zo ba, bashi ne zai hau kan samarin da ba su da gona ba su da gado. Farkon abin bai yi armashi ba. Sa'an nan, ran 6 ga watan Oktoba, aka nuna Jugar con fuego, wato Wasa da Wuta, wanda Ventura de la Vega ya rubuta labarinsa, Barbieri ya sa masa kiɗa. Kashi uku ne cif, tsawon ofera sosai, abin da ba a saba gani da harshen ƙasa ba. Madrid ta yi cincirindo, kamfanin ya miƙe. Bayan shekara biyar, ran 10 ga Oktoba, 1856, suka buɗe gidan wasa na kansu, Teatro de la Zarzuela.

Gaskiya dai, wanda ya saurari Wasa da Wuta zai ji ƙamshin Italiya bai bar kiɗan ba tukuna. Kalmomin ne na gida, rigar ta aro ce. Sai da ya ƙara shekara goma sha uku kafin ya sami muryarsa sosai, a cikin Pan y toros, wato Gurasa da Bijimai, na watan Disamba, 1864. Labarin ya koma zamanin Sarki Carlos na Huɗu, sa'ad da wani bafade mai suna Godoy ya riƙe ragamar ƙasa, ana lallashin talakawa da abinci da kallon wasan bijimai don kada su tambayi inda aka nufa da su. Har mai zane Goya yana cikin mutanen wasan. A nan ne kiɗan unguwa, irin seguidilla da bolero, ya hau dandali da ƙafarsa. Masu kallo ba su bukaci a fassara musu ba, sun ga fadar zamaninsu a cikin ta dā. Fadar ma ta gani. A 1867 gwamnatin Sarauniya Isabel ta Biyu ta hana nuna wasan. A 1868 aka tumɓuke sarauniyar, wasan kuwa ya koma dandali.

Wanda ya fi duka shahara ya zo a Disamba, 1874: El barberillo de Lavapiés, Ɗan Wanzamin Lavapiés. Lavapiés unguwar talakawa ce a Madrid. Wanzamin, Lamparilla, da budurwarsa Paloma mai ɗinki, sun tsinci kansu cikin ƙulle-ƙullen manya masu neman tsige wani waziri. Dabarar Barbieri a nan ta isa a tsaya a kanta. In masu sarauta suka buɗe baki, sai su rera irin ta Italiya, mai ja da lanƙwasa; in wanzami da mai ɗinki suka karɓa, sai kiɗan unguwa ya ɓarke. Kuma waƙoƙin talakawan ne mutane suka fita da su a baki. Har akwai inda mai ɗinki take koya wa wata gimbiya yadda za ta yi magana da tafiya irin ta 'yan unguwa domin ta ɓad da kama. Mutumin da ya ga an raina wannan kiɗa tun yana yaro, ga shi ya sa gimbiya ta zama almajirar mai ɗinki.

Ba za mu ce duk abin da ya rubuta zinariya ne ba. Ya bar sarsuwela fiye da 60, da yawa kuwa na gaggawa ne, don ban dariya da biyan bukata, an kuma manta da su. Alƙalaminsa yana da kaifi, ya yi rigima a jaridu har da abokan tafiyarsa. Amma bai ƙi kiɗan baƙi don baƙuntarsa ba: a 1866 ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Madrid, wadda ta saba wa mutanen birnin da manyan kiɗe-kiɗen Beethoven na Jamus.

Sauran rabin aikinsa a cikin ƙura aka yi shi. Kuɗin da dandali ya kawo masa, littattafai suka ci. Ya bi ɗakunan ajiya na majami'u da gidajen sufaye, yana kwafe sunayen tsofaffin shugabannin mawaƙan coci, da albashinsu, da wasiƙunsu, da abin da suka tsara, a lokacin da ake ganin waɗannan takardu abincin gara ne kawai. Mu da muke da Gidan Arewa a nan Kaduna mun san darajar mutumin da ya tsaya ya tattara takarda kafin ta ruɓe. Mun kuma san yawan waƙoƙin da tsofaffin malaman mawaƙanmu suka rubuta cikin littafin makaranta, suka tafi, littafin ya bi su. A 1870 aka gano wani kundi a ɗakin karatu na fadar sarki a Madrid, mai waƙoƙi kusan 460 na zamanin Sarki Fernando da Sarauniya Isabel ta Farko, wato ƙarshen ƙarni na 15 da farkon na 16. Akwai na soyayya, da na ban dariya, da na Kirsimati, da na yabon Budurwa Maryamu, da yawansu na Juan del Encina. Rubutun kiɗan na dā ne, mutane kaɗan suke iya karanta shi. Barbieri ya zauna a kansa, ya juya shi zuwa rubutun zamani, ya buga shi a 1890. Akwai kurakurai a ciki, waɗanda wani firist masanin kiɗa, Higinio Anglés, ya gyara a bugunsa na 1947 da 1951, amma a kan harsashin Barbieri ya ɗora.

A 1892 aka shigar da shi majalisar masana harshen Sifaniyanci, Real Academia Española, kuma jawabinsa na shiga a kan daɗin amon harshen ne. Ya rasu a Madrid a watan Fabrairu, 1894, yana da shekara 70. Ya yi wasiyya a ba Ɗakin Karatu na Ƙasa dukan littattafansa da takardunsa, suna nan kuwa da sunansa, masu bincike suna zuwa gare su. Gidan wasan da shi da abokansa suka gina ya ƙone a 1909, aka sāke gina shi a wurin, ana kuma nuna Ɗan Wanzamin Lavapiés a cikinsa har wa yau.