Mansa Musa Da Mutanen Da Suka Haƙo Masa Zinariya

Duk wanda ya bi ta Bagega ko Dareta a ƙasar Anka, ko 'Yargalma a Bukkuyum, ya ga yadda samari ke nitsewa cikin rami da tocila a goshi, ya ga sana'ar da ta ɗaukaka sunan Mansa Musa, Sarkin Mali, shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Da rami da ƙwarya aka tara dukiyar da ake ta kururutawa, amma tarihi sunan sarki kawai ya riƙe.

Musa ya hau gadon sarauta a wajajen shekarar 1312. Kamar yadda shi da kansa ya shaida wa mutanen Alƙahira, sarkin da ya gabace shi ya shiga tekun Atilantika da jiragen ruwa don ya ga ƙarshensa, ya bar masa riƙon ƙasa, bai kuwa dawo ba. Daular da ya gada ta riƙe hanyoyin da gishirin Tagaza ke gangarowa kudu, zinariya kuma ta haura arewa.

To, ina zinariyar take fitowa? Daga Bambuk, tsakanin kogin Sanagal da Faleme, da kuma Bure, a ƙasar Gini ta yau. Matafiyan da suka ga wuraren daga baya sun bayyana aikin: bayan an kau da amfanin gona, maza su haƙa rami, mata su wanke ƙasar a ƙwarya har ƙwayar zinariya ta kwanta. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa waɗannan mahaƙa ba su cikin hannun sarki sosai. Al-Umari, marubucin da ya tattara labarin Musa a Masar, ya ruwaito cewa sarakunan Mali sun lura duk lokacin da suka ci ƙasar zinariya da yaƙi, suka ɗora mata nasu tsari, sai zinariya ta ragu. Don haka suka ƙyale mutanen, suna karɓar gaisuwa. A ganina babu wani sirri a nan, illa dai manomin da aka matsa wa ya fasa shiga rami. Su kuwa Larabawa, saboda nisa, har sun gaskata cewa zinariya tsiro ce da ake girbewa.

A 1324 Musa ya tafi aikin Hajji, ya yada zango a Alƙahira a zamanin Sarki al-Nasir Muhammad. Ya yi ta jan ƙafa wajen zuwa fada, don ba ya son faɗuwa gaban wani sarki. Kyauta kuwa, babu wani mai muƙami da bai samu rabonsa ba. Da al-Umari ya bincika bayan shekara 12, ya tarar miskalin da ake canzawa dirhami 25 bai wuce 22 ba. (Kalmar miskali daga Larabci muka aro ta, haka ita kanta zinariya, wadda tushenta dinari ne, shi kuma dinari daga Rumawa.)

Ɓangaren da masu yabo ba su cika faɗa ba shi ne dawowa. Guzuri ya ƙare, sarkin zinariya ya ci bashi a hannun 'yan kasuwar Masar da riba mai nauyi. Ɗaya daga cikinsu, Sirajuddin ibn al-Kuwaik, ya bi sawun kuɗinsa har Tumbuktu, can ajali ya same shi; ɗansa ne ya karɓi kuɗin. Duk da haka Musa bai dawo hannu rabbana ba. Ya zo da malamai da littattafai, da kuma Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙi ɗan Andalus wanda ake danganta wa ginin masallacin Jingarebar na Tumbuktu a wajajen 1327. Ya rasu a wajajen 1337, ɗansa Magha ya gaje shi. A zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda ya hau a 1349, Tarihin Kano ya ce Wangarawa suka iso daga Mali da addinin Musulunci. A 1375 masu zanen taswira a Mayorka suka zana shi zaune, da dunƙulen zinariya a hannu.

Babu littafin da ya ƙidaya waɗanda rami ya rufta da su a Bure. Na Zamfara ma sai a 2010 duniya ta san da su, lokacin da gubar dalma, daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har likitocin MSF suka shigo. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda 'yan bindiga, ta kuma ɗage hanin a Disambar 2024.